FASHIN BAƘI: Shin cin awara da waken suya na jawo sankarar mama?

Da wuya a zaga unguwa a Kano, Zariya ko Katsina da yamma ba a ga kaskon suyar awara ba. Tun da nama da ƙwai suka fi ƙarfin magidanta da dama, waken suya ne ke cike giɓin, ko dai a awara, ko a madara, ko a garin kunun yara. Sai dai akwai wata magana da ke yawo a kafafen sada zumunta, cewa waken suya na ɗauke da "sinadarin mata", don haka yana haifar da sankarar mama, ko ya tayar da ita a jikin wadda ta samu sauƙi.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe a binciken kimiyya na gaske. Abin da ya faru shi ne an yanke labarin a tsakiya, ba a kai ga abin da aka gano daga baya a jikin dubban mata ba.

Alaƙar istrojin da sankarar mama

Istrojin sinadari ne da jikin mace ke samarwa, galibi daga ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Shi ne ke sa nono ya fito lokacin balaga, yana daidaita jinin al'ada, yana kuma ƙarfafa ƙashi. Yana aiki ne kamar makulli: a cikin ƙwayoyin halittar nono akwai wani abu mai kama da kwaɗo, idan istrojin ya shiga ya buɗe shi, sai ƙwayoyin su sami umarnin rarrabuwa su ƙaru. Duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu akwai yiwuwar kuskure, kuma tarin irin waɗannan kurakurai ne ke zama sankara.

Likitoci sun lura da wannan alaƙa tun kafin su san sunan sinadarin. A 1896 wani likitan tiyata a birnin Glasgow na Birtaniya, George Beatson, ya ba da rahoton cewa cire ma'ajiyar ƙwai ya sa ƙarin nono ya motse a jikin wata matar da cutar ta ci ƙarfinta. A 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago a Amurka ya gano kwaɗon da istrojin ke buɗewa. Daga wannan fahimta aka samu maganin tamoxifen, wanda ke toshe kwaɗon, da irin su letrozole da anastrozole, masu hana jiki haɗa istrojin bayan ɗaukewar al'ada. A ƙasashen Turai da Amurka, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sankarar mama irin mai dogaro da istrojin ce.

Wannan ne ya sa yawan shekarun da nono ya yi yana fuskantar istrojin ke da tasiri. Fara al'ada da wuri da jinkirin ɗaukewarta na ɗan ƙara haɗari. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ma haka, domin kitse na samar da istrojin. Shayarwa kuwa na rage haɗarin: wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2002, wanda ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa na rage shi da kashi 4.3 cikin 100.

Duk da haka lamarin bai miƙe sak ba. A 2002 an dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai suna Women's Health Initiative, wanda ya ƙunshi mata 16,608 da suka daina al'ada, bayan an ga cewa haɗa ƙwayar istrojin da ta furojestin na ƙara mata takwas masu sankarar mama a cikin kowane 10,000 a shekara. Amma a ɓangaren gwajin da aka ba matan da aka cire wa mahaifa istrojin shi kaɗai, bibiyar shekaru kusan 20 ta nuna cutar raguwa ta yi a tsakaninsu. Ke nan ko istrojin na ainihi ma, sai an duba iri, da adadi, da shekarun mai sha kafin a yanke hukunci.

Daga tumaki zuwa ɓeraye

Shakku a kan tsirrai ya faro ne daga makiyaya. A shekarun 1940 tumaki a yammacin Ostireliya suka riƙa kasa ɗaukar ciki, aka bincika aka gano cewa wata ciyawa da suke kiwo a kai tana ɗauke da sinadarai masu kwaikwayon istrojin. Daga baya aka tarar da danginsu a abincin ɗan Adam. Riɗi na da wani nau'i, amma waken suya ya fi kowane abinci na yau da kullum yawan nau'in da ake kira aisofilabon, musamman guda biyu, genistein da daidzein.

A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike ƙarƙashin William Helferich suka dasa ƙwayoyin sankarar mama ta ɗan Adam a jikin ɓerayen da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai, waɗanda kuma garkuwar jikinsu ba ta aiki. Da aka ciyar da su genistein, sai ƙarin ya ƙara girma. Daga nan likitoci da yawa suka fara hana majinyata cin waken suya, kuma ragowar wannan gargaɗi ne har yau ke zagaye a wayoyin mutane.

Amma ɓera ba mace ba ne. Hanta da hanjin ɗan Adam na sarrafa aisofilabon ta yadda mafi yawansa ke zagaya jini a sifar da ba ta da ƙarfi, ɓera kuwa yana barin kaso mai yawa da ƙarfinsa. Sannan a 1996 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano cewa kwaɗon istrojin iri biyu ne, alfa da beta. Alfa ne ke ingiza ƙwayoyin nono su ƙaru, beta kuwa a gwaje-gwaje da dama taka musu burki yake yi. Aisofilabon ya fi karkata ga beta, kuma ƙarfinsa bai kama ƙafar na istrojin ɗin da jiki ke samarwa ba.

Abin da aka gani a jikin mata

Idan da waken suya na haddasa cutar, da a Gabashin Asiya za ta fi yawa. Mutumin Japan kan ci miligiram 25 zuwa 50 na aisofilabon a rana, Bature kuwa da ƙyar yake kai uku. Sai ga shi a tarihi sankarar mama ta fi yawa a Turai da Amurka nesa ba kusa ba.

Babbar hujja ta fito daga birnin Shanghai na ƙasar Sin. Farfesa Xiao-Ou Shu ta Jami'ar Vanderbilt da abokan aikinta sun bibiyi mata 5,042 da aka tabbatar suna da sankarar mama, suka wallafa sakamakon a mujallar JAMA a 2009. Waɗanda suka fi cin waken suya sun samu ragin haɗarin mutuwa da kashi 29 cikin 100, da ragin dawowar cutar da kashi 32 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci. An ga haka ga masu sankarar da ta dogara da istrojin da waɗanda tasu ba ta dogara da shi ba, da masu shan tamoxifen da waɗanda ba sa sha. A 2012 aka haɗa wannan da wasu bincike biyu na Amurka, jimillar mata 9,514, aka sake ganin ragin dawowar cutar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga masu cin miligiram 10 ko fiye a rana.

Irin wannan bincike bibiya ce ta abin da mutane ke ci da kansu, don haka ba ya tabbatar da cewa waken ne ya yi aikin, mai yiwuwa masu cin sa suna da wasu halaye na kula da lafiya. Ba hujja ba ce ta ɗaukar awara a matsayin magani. Amma ya isa ya rushe zargin cewa tana tayar da cutar. Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka a yau na cewa abincin waken suya ba shi da illa ga mata, har da waɗanda suka yi jinyar sankarar mama. Abin lura game da awara shi ne man da ake soya ta a ciki, tunda ƙiba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari.

Inda ya kamata a yi hattara

Abinci dabam, ƙwayar da aka tace sinadari aka cusa a ciki dabam. Kasuwar intanet cike take da ƙwayoyi da mayukan "ƙara girman nono" da "gyaran jiki", waɗanda ake tallata su da sunan na tsirrai ne zalla. Wasu na ɗauke da saiwar Pueraria mirifica ta ƙasar Tailan, wadda sinadarinta ya fi na waken suya ƙarfi sosai. A 2017 hukumar kare masu sayayya ta Japan ta yi gargaɗi a kan kayayyakin da aka yi da ita, bayan ƙorafe-ƙorafen rikicewar al'ada da zubar jini. Mai sayen irin waɗannan, musamman marasa rajistar NAFDAC, ba ta san abin da ke ciki ba, balle adadinsa. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko take shan tamoxifen, bai kamata ta kusance su ba sai da sanin likitanta.

Tambayar da ta fi shafar Najeriya

Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mata miliyan 2.3 ne suka kamu da cutar a duniya a shekarar, kusan 670,000 suka rasu. A Najeriya an ƙiyasta sabbin kamuwa sama da 32,000 da mace-mace sama da 16,000, wato kusan rasuwa ɗaya a kan kowane kamuwa biyu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na rayuwa shekaru biyar bayan gano cutar. Bambancin ba a kwanon abinci yake ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na baƙaƙen matan Afirka kudu da Sahara sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu ake gano ta.

Ko batun istrojin ɗin ma yana da fuskarsa ta gida. Wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta jagoranta a 2009 a kan majinyata 507 daga Najeriya da Senegal ya tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai sankararsu ta dogara da istrojin. Wani binciken a Ibadan kuwa ya samu kusan kashi biyu cikin uku. Daga cikin dalilan da masana ke bayarwa na wannan saɓani akwai yadda ake adana tsokar da aka yanko, domin idan aka yi jinkirin saka ta a ruwan adanawa, gwajin na iya nuna babu kwaɗon alhali akwai shi. Sakamakon wannan gwaji ne ke nuna ko tamoxifen, maganin da ke da sauƙin kuɗi, zai amfani majinyaciya. Inda gwajin ya yi kuskure ko ba a yi shi ba, wata za ta rasa maganin da zai cece ta, wata kuma ta shekara tana shan wanda ba ya mata aiki.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ƙasashe mizani uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala tantancewa cikin kwanaki 60 daga zuwa asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kammala jinyarsu. Najeriya na da cibiyar NICRAT ta bincike da maganin sankara, da asusun tallafa wa masu sankara marasa galihu, da dokar inshorar lafiya ta 2022. Abin da ya kamata a tambayi gwamna da ɗan majalisa shi ne asibiti nawa ne a jiharsu ke iya yin gwajin tsoka daidai, kuma mace nawa ce daga ƙauye tallafin ya kai gare ta.

A cikin gida kuwa, ƙulli a nono ko hammata, ruwa ko jini daga kan nono, lotsawar kan nono, ko fatar da ta koma kamar ɓawon lemo, duk alamu ne da ke buƙatar ganin likita ba tare da jiran a fara jin zafi ba, domin sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo.