Kububuwa: Dafin Da Ke Kisa Shi Ne Kuma Magani

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Jos ya san ƙasar duwatsu ce da sanyi, domin garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. Amma da zarar mutum ya gangara wajen Langtang da Shendam, sai zafi ya karɓe shi. A wannan gangare ne macijiyar nan kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, take da yawa.

Kububuwa 'yar ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce kamu guda da 'yan kai ba, launinta kuwa ya saje da ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da fitsari. Tun cikin shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, ya yi nazarin saranta a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Manoma da makiyaya su ne ta fi sara, musamman da damina da lokacin kaka.

To, danginta ba duka ne suke da yawa haka ba. A ƙasar Kenya akwai wata 'yar'uwarta da ba a samunta ko'ina a duniya sai can ƙololuwar Dutsen Kenya da duwatsun Abadiya, inda sanyi ya ninka na Jos. A tsaunukan Habasha ma akwai wata, dangin kasa, wadda sai a 1977 masana suka ba ta suna. Irin waɗannan idan mazauninsu ya lalace, ba su da wurin komawa, sai su ƙare.

Wani zai ce, in maciji ya ƙare ai gaba ta kai mu. Amma fa a sani, kowane maciji da irin dafinsa, kuma da dafin ake yin maganin. Ana tatsar dafin ne a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, sannan a tace maganin daga jininsu. Saboda haka ne maganin da aka yi da dafin macizan Indiya ya kasa warkar da saran kububuwar Afirka ta Yamma. Maganin da ake kira EchiTAb kuwa, da dafin kububuwar Nijeriya aka haɗa shi, bayan an kai macizan birnin Libaful na Ingila. Asibitin Zamko a yankin Langtang, wanda ke ƙarƙashin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da na Kaltungo a Jihar Gombe, sun yi suna wajen wannan jinya.

Don haka 'yan'uwa mazauna Ikko da Ibadan masu zuwa gida girbi, a sa takalmi mai rufe ƙafa, a riƙe tocila da dare. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti nan take, ko da mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau, domin aikin dafin a ɓoye yake. Allah Ya kiyashe mu, amin.