Gasar Manyan Ƙasashe da Kuɗin Binciken Sararin Samaniya: Nazari a kan Shirin Apollo na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alaƙar siyasa da kuɗin da gwamnatoci ke warewa domin binciken sararin samaniya, ta hanyar bibiyar shirin Apollo wanda ya kai ɗan Adam duniyar wata a shekarar 1969. Maƙalar ta nuna cewa gabar da ke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat ce ta buɗe bakin aljihun gwamnati, kuma da gabar ta lafa sai kuɗin suka janye.

1.0 Gabatarwa

An saba kallon zuwa duniyar wata a matsayin nasarar kimiyya zalla. Sai dai kumbo ba ya tashi sai da kasafin kuɗi, kasafi kuwa yana hannun 'yan siyasa. Don haka tambayar da ta dace ita ce: mene ne ya sa wata ƙasa ta yarda ta kashe kimanin dala biliyan 25 a kan wannan tafiya, sannan ta daina ta shekaru uku da rabi bayan saukar farko?

2.0 Asalin Gasar

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Abin da ya tayar wa Amurka hankali shi ne rokar da ta ɗauke shi, domin rokar da za ta iya kai tauraro sama za ta iya kai makamin nukiliya wata nahiya. Wannan fargaba ce ta haifar da hukumar NASA a 1958.

A ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Kwanaki biyar bayan haka, mamayar da Amurka ta ɗauki nauyi domin kifar da gwamnatin Fidel Castro a Kuba ta fara, ta kuma wargaje cikin 'yan kwanaki. A wannan yanayi na abin kunya biyu a jere ne Shugaba John Kennedy ya rubuta wa mataimakinsa, Lyndon Johnson, yana neman a gano wani shiri na sararin samaniya da Amurka za ta iya yin nasara a cikinsa. Aka zaɓi wata saboda yana da nisan da zai tilasta wa ɓangarorin biyu ƙera sababbin rokoki, ta yadda ratar da Sobiyat ta bayar ba za ta yi tasiri ba. Kennedy ya gabatar da ƙudurin ga majalisar dokoki a ranar 25 ga Mayu, 1961, alhali Amurka ba ta da abin nunawa sai tafiyar minti 15 da Alan Shepard ya yi.

3.0 'Yan Kallon Gasar

Kokawa ba ta armashi sai da 'yan kallo. A Yaƙin Cacar Baka, 'yan kallon su ne ƙasashen Afirka da Asiya da suka sami 'yancin kai ba da jimawa ba, waɗanda kowane ɓangare yake zawarcinsu domin su bi tsarinsa. Nijeriya ma ta shiga wannan lissafi. NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano a ƙarƙashin shirin Mercury, tashar kuma tana cikin waɗanda suka bibiyi John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a watan Fabrairun 1962. Haka nan a watan Agustan 1963, Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi magana ta wayar tarho ta hanyar tauraron Syncom 2. Irin waɗannan abubuwa gwajin fasaha ne, amma kuma diflomasiyya ce.

4.0 Yadda Kuɗin Suka Gudana

Kasafin NASA bai kai dala biliyan 1 ba a 1961, amma ya haura biliyan 5 a 1965. A 1966 hukumar ta ci fiye da kashi 4 cikin 100 na dukkan abin da gwamnatin tarayya ta kashe, kuma kimanin mutum 400,000 ne suka yi aiki a shirin lokacin da yake ganiyarsa. An rarraba kwangiloli da cibiyoyi a jihohi da dama, domin kowane ɗan majalisa ya ga amfanin shirin a mazaɓarsa. Misali, cibiyar 'yan sama jannati ta sauka a Houston, birnin Albert Thomas, wanda yake shugabantar kwamitin majalisa mai kula da kasafin hukumar.

Kennedy kansa bai ɓoye manufarsa ba. A wani zama da shugaban NASA, James Webb, a watan Nuwamban 1962, ya bayyana cewa sararin samaniya bai dame shi sosai ba, abin da ya halatta irin wannan kashe kuɗi shi ne a riga Sobiyat zuwa. Da dangantaka ta ɗan yi sauƙi, sai ga shi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumban 1963 yana tayin ƙasashen biyu su tafi wata tare.

A ɓangaren Sobiyat, gwamnati ba ta amince da shirin saukar da mutum a wata ba sai a 1964. Kuɗin da aka ware kuma sun rabu tsakanin manyan injiniyoyi masu hamayya da juna, musamman Sergei Korolev da Vladimir Chelomei. Korolev ya mutu a watan Janairun 1966, rokarsa mai suna N1 kuma ta gaza a gwaji huɗu tsakanin 1969 da 1972. Gasar cikin gida ta raunana gasar waje.

5.0 Janyewar Kuɗi

Tun kafin Neil Armstrong ya taka wata a ranar 20 ga Yuli, 1969, kasafin NASA ya fara raguwa, saboda yaƙin Biyetnam da buƙatun cikin gida. Ana jajibirin harba Apollo 11, Ralph Abernathy ya jagoranci talakawa zuwa wurin harbawar, suna tambayar yadda za a tafi wata alhali akwai masu kwana da yunwa. Da aka ci gasar, sai babbar hujjar kashe kuɗin ta kau. A 1970 aka soke tafiye-tafiye uku da aka tsara. Masanin kimiyyar duwatsu guda ɗaya da ya taka wata, Harrison Schmitt, sai a tafiyar ƙarshe ya je, wato Apollo 17 a watan Disamban 1972. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da aka bai wa kimiyya a shirin. A 1975 kuwa, kumbon Apollo da na Soyuz suka haɗu a sama, alamar sassaucin da aka samu a ƙasa.

6.0 Sabuwar Gasa

A yau kason NASA bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na kasafin Amurka ba, amma maganar komawa wata ta sake tasowa, kuma dalilin bai sauya ba. Sin ta saukar da kumbo a bayan wata a 2019, ta kuma ɗebo ƙasa daga can a 2024. Tun 2011 majalisar Amurka ta hana NASA yin haɗin gwiwa kai tsaye da Sin sai da izini. Zawarcin ƙasashe ma ya dawo: Amurka tana tara masu sa hannu a Yarjejeniyar Artemis, wadda Nijeriya da Ruwanda suka shiga a watan Disamban 2022, yayin da Sin da Rasha suke gayyatar ƙasashe zuwa nasu shirin na kafa tashar bincike a wata.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gaba tana iya tara kuɗi da ƙwararru cikin hanzarin da sha'awar ilimi ba za ta iya ba. Illarta ita ce shirin da aka gina a kanta yana rayuwa ne gwargwadon rayuwar gabar. Ƙasashen da ake zawarci a wannan sabon zagaye suna bukatar su auna abin da zai rage a hannunsu, na ƙwararru da cibiyoyi, ranar da manyan suka sasanta ko suka gaji.