Abin da ke sa fiyano da na'urar ganga su saɓa bugu

Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya yanzu a yi biki babu sifika da kiɗan fiyano. Salon ya taso ne daga situdiyon Kano, inda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama ƙashin bayan waƙoƙin fim tun shekarun 1990. Matuƙar fiyano ɗaya ne ke fitar da ganga da sarewa da komai, ba a samun matsala. Rigima tana farawa ne ranar da mai kiɗa ya samu ɗan hali ya ƙaro na'urar ganga, ko ya jona kwamfuta mai manhajar kiɗa ta FL Studio.

Sai ya sa kowacce a kan bugu 120 a minti, ya danna su tare. Da fari lafiya lau. Kafin mawaƙi ya kai baiti na uku, ganga ta yi gaba, fiyano na binta a baya, masu rawa sun fara kallon juna. Nan da nan a ɗora wa janareta laifi, alhali ba ruwansa. Kowace na'ura da agogonta a ciki, kuma babu agogo biyu da suke daidai tsaf. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na bugu a minti ya isa ya zama rabin bugu cikin minti biyar, ga yatsan ɗan Adam da ba ya danna maɓalli biyu a lokaci guda. Mai kalangu da mai kuntuku suna jin juna, in ɗaya ya zarce ɗayan ya cim masa. Na'ura kuwa kurma ce.

Maganin shi ne a bar agogo ɗaya ya yi mulki. Hanyar da aka fi bi ita ce MIDI, wadda ta fito a 1983 bisa ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. Wayarta mai haƙora biyar ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, saƙo kawai take kaiwa. Na'urar da ke jagora tana aika alama 24 a kowane bugu, wato 48 a daƙiƙa idan ana kan 120, tare da umarnin farawa da na tsayawa. Mai bi sai ta ajiye nata agogon ta riƙa ƙirga waɗannan. Don haka waya za ta fito daga ramin fita na jagora ta shiga ramin shiga na mai bi, sannan a shiga saitin mai bin a gaya mata agogon waje za ta saurara. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, a yi ta zargin wayar.

Masu sayen kayan hannu su lura: tsofaffin na'urorin Roland irin TR-808 ta 1980 suna da rami mai kama da na MIDI, amma tsarinsu daban ne, ba sa jin juna sai da na'urar da za ta shiga tsakani. Wasu tsofaffin na'urorin Korg kuma alama 48 suke ƙirgawa a kowane bugu, don haka idan aka jona su da mai aika 24 sai su yi tafiya a rabin sauri. Akwai sabuwar hanya, Ableton Link, da ke daidaita kwamfuta da wayar hannu ta Wi-Fi ba tare da jagora ba, sai dai yawancin fiyanon da ke hannun makaɗanmu ba su san ta ba.

Wa ya kamata ya jagoranta? A situdiyo a bar wa kwamfuta, tunda ita ke naɗa. A filin biki kuwa ni fiyano zan ba wa, domin shi ne a ƙarƙashin yatsun mai kiɗa. Idan uwar amarya ta shigo fili aka fara liƙi, yana iya rage sauri nan take, na'urar ganga ta biyo shi.