Musa 136, Muhammadu 4: Abin da Ƙidayar Sunayen Annabawa Take Nunawa

Wanda ya buɗe Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, littafin da ya ƙididdige kalmomin Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya, zai ci karo da abin da ba ya zato. Sunan Annabi Musa ya zo sau 136. Na Ibrahim sau 69, na Nuhu sau 43, Yusufu da Luɗu 27 kowannensu. Sunan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sau 4 kacal ya zo, sai Ahmad sau 1. Fir'auna ma, da duk taurin kansa, an ambace shi sau 74.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin sikelin daraja. Mutumin da kake magana da shi ido da ido ba ka yawan kiran sunansa. "Kai" kake ce masa. Alƙur'ani da Manzon Allah yake magana, shi ya sa yake cike da "ka ce" da "ya kai Annabi". Musa kuwa labarinsa ake ba shi, kuma ana maimaitawa ne saboda ya yi daidai da halin da ake ciki a Makka da Madina: manzo a gaban mai mulki, jama'a 'yan kaɗan da ake zalunta, hijira, sannan shari'a.

Annabawa 25 Alƙur'ani ya kira da suna, 18 daga cikinsu a jere cikin ayoyi huɗu na Suratul An'am, daga ta 83 zuwa ta 86. Idan aka ɗora wannan jeri a kan Tanak, wato littattafai 24 na Yahudawa, sai ya rabu uku. Mutum 16 suna can ƙarara: Adamu, Nuhu, Ibrahim, Luɗu, Isma'ila, Isiyaku, Yakubu, Yusufu, Ayuba, Musa, Haruna, Dauda, Sulaimanu, Iliyasu, Alyasa'u da Yunusa. Uku kuma malaman tafsiri ne suka yi ƙoƙarin gano takwarorinsu, ba tare da baki ya zo ɗaya ba: Idrisu da Anuhu, Shu'aibu da Yetro surukin Musa, Zulkiflu da Ezekiyel. Sauran shida, Hudu, Salihu, Zakariyya, Yahaya, Isa da Annabi Muhammadu, ba sa ciki. Goma sha shida cikin 25 kashi 64 ne cikin ɗari, kusan biyu bisa uku.

Amma fa juya lissafin ka gani. Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ƙidaya wa Bani Isra'ila annabawa maza 48 da mata 7, cikinsu har da Saratu, Maryamu 'yar'uwar Musa da Debora. Sannan akwai annabawa 15 da littattafan Tanak suke ɗauke da sunayensu, manya uku da ƙanana 12. A cikin 15 ɗin nan, Yunusa kaɗai Alƙur'ani ya kira da suna ba tare da taƙaddama ba. Ishaya mai babi 66 bai fito ba, haka Irmiya mai babi 52. Yunusa da ya fito, littafinsa babi 4 ne kawai, kuma labari ne daga farko har ƙarshe: jirgin ruwa, kifi, birnin da ya tuba. A ganina nan ne bakin zaren. Inda littattafan biyu suka haɗu shi ne wajen annabawan da rayuwarsu ƙissa ce da za a iya bayarwa a zaure.

Ko sunayenmu sun bi wannan rabon. Musa, Haruna, Yakubu da Ayuba za ka same su a gidan Musulmi da na Kirista duka, amma da ka ji an kira Ishaya ko Irmiya, yawanci ka san gidan da aka raɗa sunan.

Abin da ƙidaya ba ta kamawa shi ne matsayin da kowane littafi ya ba mutumin. Luɗu da Isma'ila annabawa ne a Musulunci. Yahudawa ba sa lissafa su cikin annabawansu. Littafin Fitowa na Tanak ya ce Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙin zinariya, Suratu Ɗaha kuwa ta ɗora laifin a kan Samiri, ta nuna Haruna yana hana mutane. Ƙissar Yusufu ta mamaye babi na 37 zuwa na 50 na littafin Farawa, a Alƙur'ani kuma sura guda ce mai ayoyi 111. Rijiya tana nan a duka biyun, da riga mai jini, da shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Matan da suka yanke hannuwansu da wuƙaƙe sa'ad da Yusufu ya fito gabansu kuwa babu su a Farawa. A wajen Yahudawa sai a midrash, sharhin malamansu na baya, ake samun wannan labarin.