Me ya sa ba kowane digirin ƙasar waje ke karɓuwa a Najeriya ba?

Iyaye da dama na sayar da fili ko su ci bashi domin tura 'ya'yansu karatu ƙetare, suna zaton da zarar yaro ya dawo da takarda, magana ta ƙare. A zahiri, takardar ba ta da daraja a idon hukuma har sai an tantance ta.

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke wannan aiki. Tana duba ko hukumomin ƙasar da aka yi karatun sun amince da makarantar da kuma kwas ɗin, sannan ta auna takardar da mizanin jami'o'in gida. Idan takardar ta faɗi a nan, ɗalibi ba zai samu shiga shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC ba, wanda kuwa bai da shaidar kammala shi ko ta yafewa, ƙofar aikin gwamnati a rufe take gare shi.

An ƙara tsaurara lamarin ne bayan binciken da ɗan jarida Umar Audu ya wallafa a jaridar Daily Nigerian a watan Disambar 2023. Ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga NYSC da shi. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo, daga bisani ta ce jami'o'i biyar kacal ta amince da su a Benin, uku a Togo. Abin takaicin shi ne, dakatarwar ta rutsa har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Masu karatun likita suna da ƙarin shinge, domin dole su ci jarrabawar hukumar MDCN kafin su taɓa majinyaci. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, hukumar ta ce ba za ta karɓi karatun likitan da aka yi ta intanet ba.

Don haka kafin uba ya ba wakilin makaranta ko sisi, ma'aikatar ilimi ya kamata ya fara tuntuɓa a kan matsayin jami'ar, ya kuma nemi amsar a rubuce.