Ciwon daji iri biyu cikin tsoka guda

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tiroyid, nauyinta wajen giram 20. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo idan abinci ya rasa iyod. Tun farko masu karatu su kwantar da hankali: mafi yawan kumburin wuya ba ciwon daji ba ne. Amma daji yana kama wannan tsoka, har wani sa'i, ko da yake ba kasafai ba, a tarar da iri biyu a zaune cikinta.

Dalili kuwa shi ne tiroyid na da ƙwayoyin halitta kashi biyu. Kashi na farko yana jawo iyod daga jini, yana haɗa sinadarin da ke tafiyar da ɗumin jiki da bugun zuciya. Daga nan ne dajin da ake kira papiler yake tasowa, wanda ya kai kashi 80 cikin ɗari na dajin tiroyid. Yana girma a hankali, kuma galibi yana jin magani. Kashi na biyu ba ruwansa da iyod, aikinsa fidda wani sinadari mai suna kalsitonin. Dajinsa shi ake kira meduler, wanda likita Hazard da abokan aikinsa suka bambanta da sauran a Amurka cikin 1959. Ba shi da yawa, amma ya fi wuyar sha'ani.

Matsalar tana wajen bincike. Likita yakan duba wuya da na'urar ekografi, ya soka siririyar allura cikin ƙullutun, ya ɗebo ɗan abin da za a duba. To, allura abin da ta taɓa kaɗai take kawowa. Idan ta faɗa kan papiler, sai meduler ya ɓuya a gefe, ba za a gan shi ba sai bayan aiki, in an yanka tsokar an bincika. Shi ya sa likitoci da yawa a Turai ke auna kalsitonin cikin jini kafin a kai ga wuƙa. A ganinmu kuɗin wannan awo bai kai wahalar sake buɗe wuyan mutum ba.

Maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Tun shekarun 1940 ake amfani da iyod mai tururin nukiliya. Marar lafiya ya sha, ragowar ƙwayoyin papiler su zuƙe shi su mutu. Meduler ba ya shan iyod, saboda haka wannan magani ba ya taɓa shi. Abin dogaro shi ne aikin fiɗa: a cire tiroyid gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye da ita. Daga nan mutum zai riƙa shan ƙwayar lebotiroksin kowace safiya har iyakar ransa, ana bin sawun kowane daji da awon jini nasa dabam. Idan meduler ya bazu cikin jiki, akwai sababbin ƙwayoyi, irin su selperkatinib da Amurka ta amince da shi a 2020, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

Akwai kuma batun dangi. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu meduler gadonsa suka yi, ta hanyar wata ƙwayar gado mai suna RET da aka gano laifinta a 1993. Wanda yake da ita, kowane ɗa nasa yana iya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Irin wannan gado yakan zo da ƙari a wata tsoka da ke bisa ƙoda, mai tada hawan jini farat ɗaya, don haka wajibi ne a bincika ta kafin a sa wa mutum maganin barci. Yaron da aka samu da wannan ƙwaya kuwa, ana iya cire masa tiroyid tun yana ƙarami, kafin dajin ya fito.