Dashen Ƙashin Muƙamuƙi: A Daina Tsorata Mutane da Ƙashin Gawa

Wata magana ce ke yawo a majalisu da zaurukan WhatsApp, wai idan likitan haƙori ya ce zai yi maka dashen ƙashi, to ƙashin gawa ko na alade zai cusa maka a baki ba da saninka ba. Saboda wannan ji-ta-ji-ta sai ka ga mutum ya ƙaurace wa asibiti, ya zauna da giɓi shekara da shekaru. Abin haushi, akasarin masu yaɗa zancen ba su taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba.

Tauna ce ke riƙe wa ƙashin muƙamuƙi ƙarfinsa. Da zarar an cire haƙori sai gurbin ya fara zaizayewa, har faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda, galibi a watanni ukun farko. Ciwon dasashi da haɗari ma kan cinye shi. Shi kuwa haƙorin dashe, irin wanda likitan ƙasar Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara kafa wa mutum a 1965, a kan ɗan ƙarfen titaniyam yake zama, ƙarfen kuma cikin ƙashi ake ɗaure shi. Inda ƙashi ya sirance babu abin da zai kama, dole a cike wurin tukuna.

To da me ake cikewa? Hanyoyi huɗu ne. Akwai ƙashin mutum na kansa, da ake ɗiba daga haɓa, ko bayan muƙamuƙi, ko kwatangwalo idan gurbin babba ne. Akwai na haɗi da ake sarrafawa a masana'anta daga sinadaran kalsiyam da fosfet, wanda bai haɗa komai da wata halitta ba. Akwai na dabba, mafi yawa na saniya, ko da yake ana yi da na doki da na alade. Sannan akwai na mutanen da suka ba da kyautar sassan jikinsu bayan mutuwa. Mai cewa "ƙashin gawa ne kawai" ya ɗauki hanya ɗaya ya ɓoye uku, kuma wannan rashin adalci ne.

Hatta na dabbar, ba guntun ƙashi ake sarowa daga mahauta ba. Ana gasa shi, a wanke da sinadarai, har kitse da nama su fita, ya rage tsabar gari kamar tsakin gero. Amfaninsa shi ne jijiyoyin jini da ƙwayoyin ƙashinka su bi ta cikinsa su gina sabon ƙashi naka. Wani garin yakan narke cikin watanni, na saniya kuwa yakan daɗe a cakuɗe da sabon ƙashin.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wani sashe na jikin mutum a dasa masa a wani wuri na jikinsa idan amfanin ya rinjayi cutarwa. Sauran nau'o'in kuma a kai wa malamai masana, a bar fatawar shayi.

Abin da ya rage naka ne. Kafin a taɓa ka, ka tambayi likita wane iri zai sa, ka ce a nuna maka kwalin. Ka tambayi kuma siririn mayafin da ake rufe garin da shi, domin wani daga alade ake samo shi, alhali akwai na saniya da na haɗi. Haƙƙinka ne ka zaɓa, kuma likitan kirki ba ya fushi da tambaya. Ka faɗa masa idan kana da ciwon suga, ko kana shan maganin tsinka jini ko na raunin ƙashi.

Bayan aiki, ka ajiye taba sigari gaba ɗaya, don tana cikin manyan abubuwan da ke lalata dashe. Ranar farko ban da kuskure baki da ƙarfi, ban da abinci mai zafi. Ka koma kan kunu mai ɗumi, fate da ayaba, ka jinkirta goro, ƙilishi da rake. Kada ka riƙa zungurar wurin da harshe ko tsinken sakace. Ka shanye magungunanka yadda aka rubuta. Ganin 'yan tsaki kaɗan a baki ba abin tsoro ba ne, amma zazzaɓi, mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, maza ka koma asibiti. Warkewa kan ɗauki wata uku zuwa tara, sai haƙuri.

Mafi sauƙi dai shi ne kada a kai ga haka. A riƙe asuwaki da burushi safe da dare, a daina zuba wa haƙori ruwan batir ko fetur, a daina miƙa baki ga masu fizgar haƙori a bakin kasuwa, waɗanda kan karya ƙashin tare da haƙorin. Duk wanda za a cire wa haƙori, ya tambayi likita tun ranar yadda za a kare ƙashin wurin. Wanda kuma bai san abu ba, don Allah ya daina tura shi gaba.